Ranar da Awaki Suka Ci Zakin Kawu Shekara

Yaya Ummu Salma, tun da aka kai ki makwancinki bakina ya yi nauyi, ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa. Amma wannan labarin in ban ba ki ba cikina zai tsage, don da kina nan ke za ki fi kowa dariya, irin dariyar nan taki da sai kin dafa bango. Labarin Kawu Shekara ne da yaranki. Zan faro shi daga tushe kamar ba ki san kowa ba, yadda kika koya mini. Allah ya haskaka miki.

A bayan kasuwar Matameye akwai wata tsohuwar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta Alhaji Abdulƙarim, mai fataucin gyaɗa. Ita ya ara wa Ummu Salma ta tara yara a ciki: marayu, da ƴaƴan masu talla, da waɗanda suka bar lakol, makarantar boko, don babu halin ci gaba. A nan take koya musu yin fuskokin dabbobi da takardun buhun siminti, kura da biri da zomo, su saka su yi wasa, iyayensu mata su zo su zauna a tabarma su manta da tukunya na ɗan lokaci. Da ta rasu, ɗakin ya yi tsit. Yara suna zuwa dai, su share, su zauna su yi ta kallon juna.

Kaka na shigowa Alhaji ya sa aka jibge buhunan gyaɗa da damman harawa a bakin ƙofa, ya tara maƙwabta ya ce, "Ni don marigayiya na ba da ɗakin nan. Yanzu ga gyaɗata a waje, rana na dukanta. Ranar kasuwa mai zuwa a nuna mini abin da ake yi a ciki. In na ga abin kirki, ɗaki na yara ne. In ban gani ba, gyaɗa ta shiga, kowa ya kama gabansa."

Kafin yara su gama haɗiye yawu, sai ga wani dogon mutum ya kutso da hula a karkace, yana ture mutane da gwiwar hannu. Kawu Shekara ke nan, wan mahaifiyar marigayiya, tsohon yaron mota, wanda babu garin da bai ce ya je ba, babu kuma sana'ar da bai ce ya ƙware a kanta ba.

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kwantar da hankalinka," in ji shi yana bugun ƙirji. "Ummu ɗiyata ce. Duk abin da ta iya a nono ta sha, nonon kuwa na gidanmu ne."

Inna Ladi, mai tuyar waina a gefen mangazar, taubashiyarsa ce, don haka bakinta ba shi da linzami a kansa. Ko ɗago kai ba ta yi daga tanda ba ta ce, "Au, ashe kai ka shayar da ita?"

"Ke Ladi, yi ta kanki. Ni da na yi tiyatir, wasan kwaikwayo na gaske, a Yamai gaban manyan ƙasa!"

"Kujeru ka ɗauka musu, Shekara. Kujerun ma an ce ka karya ta babban baƙo."

Aka fashe da dariya. Kawu bai ji ba, don a lokacin ransa ya riga ya yi gaba: yana hango kansa a telebijin, ana tafa masa, ana tambayarsa inda ya yi karatu. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Zaki zan yi muku. Ba ƴan fuskokin nan na wasan yara ba. Zaki sukutum, mai tafiya da ƙafafunsa har da tsalle, wanda in ya yi gurnani a Matameye sai kaji sun fasa yin ƙwai a Kance!"

Alhaji ya shafa gemu ya ce, "To, Allah ya nuna mana."

Washegari aiki ya kankama. Kawu ya sa aka kwashe fuskokin marigayiya aka tura lungu, ya kafa ƙashin zaki da karan dawa da waya a tsakiyar ɗaki, yana ba da umarni da rabin Faransanci. Sai Fadila, babbar cikin yaran, marainiya mai idon da ba ya tsoron kowa, ta shigo da bokiti cike da wani koren ruwa.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan ganyen bedi ne, Kawu, dogon yaro. Da shi Tanti Ummu take dama ƙullun manna takarda."

Ya tsoma yatsa ya lasa. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, ya yi ta tofar da yawu har bakin ƙofa. "La'ilaha! Da wannan gubar kuke aikin fasaha?"

"Don gara ne da awaki. In da ɗaci ba sa taɓawa."

Kawu ya riƙe ƙugu ya dube ta daga sama har ƙasa. "Akuya ta tunkari zaki? Ke yarinya, a wane dajin?"

Ya sa aka malalar da ruwan a kwata, ya kawo nasa haɗin, wanda ya ce sirrin manyan gwanayen Yamai ne. Ƙullun gero don danƙo. Dusa don kauri. Kanwa don ƙarfi. Gishiri cike da tafin hannu don kada ya yi tsami. Da aka zo geza, ya waiga hagu da dama ya zaro harawa daga damman Alhaji, ya ce aro ne. Haƙora ya fere su da ɗanyen rogo, farare tas. Wutsiya kuwa ya zaɓo sandar rake mai kauri da ganyenta a kai, ya ce babu wutsiyar da ta kai ta tsayuwa.

Inna Ladi ta leƙo ta taga ta shaƙi iska. "Shekara, zaki kake yi ko abincin sadaka? In ka gama ka aiko in ba ka yaji da man gyaɗa."

"Jahilci ciwo ne, Ladi. Ki jira ki gani."

"Ina jira. Da cokalina ma."

Zaki ya yi ta girma. Duk wanda ya leƙo ya ce ya yi, sai Kawu ya ƙara masa wani shafin, don a ganinsa yabon ƙauye ba yabo ba ne. Ya shafe shi da jar ƙasa, ya zana masa idanu kamar faranti. Yara sun gaji da damu, hannuwansu duk sun yi kanta, amma in suka dubi buhunan gyaɗar da ke bakin ƙofa sai su ci gaba.

Ranar kasuwa da safe aka zo fitar da zaki, sai ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka gwada ta kai, geza ta ƙi. Aka gwada ta gindi, ciki ya tokare. Aka kwantar da shi a gefe kamar mara lafiya, ƙafa ɗaya ta karye.

"Wanda ya gina ƙofar nan bai san aikinsa ba," in ji Kawu yana sharce gumi. "A cire ta!"

Aka ɓalle ƙyauren mangazar Alhaji aka jingine a bango. Duk da haka kai ya ƙi wucewa. Kawu ya ari zarto wajen kafinta ya yanke wa zakinsa kai da hannunsa, yana cewa haka ake yi a manyan birane. A waje aka mayar da kan, aka lafta masa sabon ƙullu mai ɗumi, ƙamshin dusa da kanwa ya gauraye unguwa. Sai dai kan ya zauna a karkace, ramukan da aka huda don mai ciki ya ga hanya suka koma kallon sama.

Zaki na buƙatar ƙafa huɗu, Kawu kuwa biyu gare shi. Don haka tun da wuri ya lallaɓo Cha'ibu mai shayi, wani gajere mai tumbi, da alkawarin za a faɗi sunansa a rediyo. Cha'ibu ya duƙa ya shiga ta baya, ya riƙe ƙugun Kawu.

"Shekara, ni me zan riƙa gani a nan?"

"Bayana za ka gani. Mutane da yawa sun nema ba su samu ba."

"Wallahi ciki kamar tukunyar kunu."

"Yi shiru. Gindin zaki ba ya magana."

Shirin shi ne su zaga ta layin ƴan atamfa su dawo mangaza, inda Alhaji ya sa aka shimfiɗa masa darduma ya zauna da abokansa. Yara aka ce su bi baya suna kaɗa gwangwanaye. Fadila ta saɓa wani buhu a kafaɗa, ba wanda ya tambaye ta abin da ke ciki.

Zaki ya fito titi yana tangaɗi, kai na kallon gajimare. Kasuwa ta tsaya cak. Ƴan kabu-kabu suka kashe injin, masu wayar salula suka ɗaga sama.

"Kai, jakin wa ya kumbura haka?"

"Ba jaki ba ne, raƙumi ne da wuyansa bai fito ba."

Wata tsohuwa mai sayar da kuka ta ce, "Ko mene ne dai, a kai shi wajen likitan dabbobi, yana jin jiki."

Kawu ya ji haushi, ya kafa baki a mazurarin da ya tanada ya saki gurnani. Abin da ya fito ya fi kama da tarin tsoho mai shan taba. Wani jariri da ke kuka a bayan uwarsa ya yi shiru, sannan ya ƙyalƙyale da dariya.

Da suka iso mararraba Fadila ta ɗaga murya, "Dama, Kawu! Yi dama!"

Kawu ba ya ganin komai sai sama da wata shirwa, amma ya ji kunya a ce yarinya ke jan zaki a gaban jama'a. "Sarkin dawa ba ya karɓar umarni," in ji shi daga ciki, ya karya hagu. Hagu kuwa ita ce hanyar kasuwar dabbobi.

Da farko shiru aka yi. Awaki da tumaki suka ɗago kai gaba ɗaya, hancinsu na motsi. Kawu ya ji shirun, ransa ya yi fari. "Ka ji ko, Cha'ibu? Talakawa sun ga sarkinsu."

Wata ƴar akuya baƙa, ƙarama da ita, ta tako a hankali, ta sansana ƙafar zaki, ta miƙe a kan ƙafafun baya ta fizgi geza. Ta tauna. Ta lumshe ido. Ta yi wani kuka siriri, wanda duk mai kiwo ya san ma'anarsa: ku zo, an sauke.

"Shekara, wani na jan wutsiya."

"Masoya ne, bar su su taɓa."

"Masoyin nan yana da haƙora fa."

Jakin wani mai itace ne ya cafke raken, ya yi gaba da shi yana ɓarza. Ta ramin da wutsiya ta bari haske ya shigo.

"Shekara, na fara ganin gari!"

"Rufe idonka!"

"Shekara, ana lasar mini ƙwauri!"

Igiyoyi suka fara tsinkewa. Turaku suka tumɓuke. Dillalai suka bar ciniki a tsakiya suna ihu, kowa na kiran dabbarsa, dabba kuwa ba ta da lokacin kowa. Wannan ta kama haƙarƙari, wancan ya kama cinya, wani bunsuru mai wari ya haye gadon bayan zaki yana cin geza daga sama kamar mai gidansa. Wata tunkiya ta zare haƙorin rogo guda ta koma gefe tana gurgura cikin natsuwa.

Kawu ya sake kafa baki a mazurari don ya tsorata su, sai wani harshe mai kaushi ya shigo ta bakin zaki ya share masa fuska tun daga haɓa har goshi.

"Cha'ibu, ja da baya a hankali. Dabara ce ta yaƙi."

Ina! Cha'ibu ya riga ya sulale ta ramin wutsiya, ya bar takalmi ɗaya, yana gudu yana cewa ya yafe rediyon har abada. Gindin zaki ya faɗi ƙasa ya bar Kawu da jan gawa.

Sai ga wani ƙaton rago balami, fari sol, wanda tun safe ake taya shi mai shi na ƙi. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya auna. Dum! Zaki ya yi tsalle irin wanda Kawu ya yi wa Alhaji alkawari, sai dai ba da niyya ba. Da ya dira, kan ya juyo daidai, Kawu ya ga hanya a karon farko, ya kuma ga abin da ke bayansa. Ya tattare ragowar zaki kamar mace ta tattare zane, ya zura da gudu.

Ina zai nufa in ba mangaza ba? Zaki a gaba, garke a bayansa, dillalai a bayan garke, kasuwa duka a bayan dillalai. Inna Ladi ta hango ƙura ta ɗauke tandarta ta haye dakali tana guɗa.

Alhaji Abdulƙarim na zaune a darduma yana gyara zaman hula, ya ga abin da ke tahowa. Bai gama salati ba Kawu ya wuce shi fuu, ya faɗa cikin mangaza yana ihun a rufe ƙofa. Wace ƙofa? Tana jingine a bango tun safe.

Awaki suka iso, suka ga abin da ya fi zaki: buhunan gyaɗa da damman harawa a fili, ba mai tsaro. Suka yi kansu. Ragon nan ya soke buhu guda da ƙaho, gyaɗa ta tsiyayo. Alhaji ya miƙe yana kaɗa babbar riga. "Dukiyata! Jama'a, dukiyata! Kai, tafi! Wayyo, Shekara, Allah ya isa!" Abokansa suna dukan wannan, waccan na shigewa ta ƙarƙashin hannunsu.

Nan Fadila ta sauke buhunta ta zazzage. Fuskokin Ummu Salma ne, waɗanda aka tura lungu. "Kowa ya ɗauki tasa! Rawar kuraye, yadda Tanti ta koya mana!"

Kafin ka ce kwabo yara sun zama kuraye da birai. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa tsakanin garke da buhuna, suka duƙa, suka buga gwangwanaye a tare, suka tako gaba da ƙafa ɗaya suna wani kuka mai tashi da sauka. Awaki suka dakata. Bunsurun nan mai ƙarfin hali ya matso ya ɗan ciji kunnen wata kura. Ya tsaya. Ya murtuke fuska, ya yi atishawa, ya girgiza kai kamar an mare shi, ya juya da gudu. Sauran na ganin babbansu ya karaya suka bi shi. Yara suka raka su da rawa, taku biyu gaba, tsalle ɗaya, juyi, har bakin hanya inda dillalai suka yi ta cafke igiyoyi. Ƙaramin cikinsu, mai fuskar zomo, shi ya kori ragon balami shi kaɗai, yana buga murfin tukunya.

Kasuwa ta ɗauki tafi da sowa. Matan da ƴaƴansu ke cikin fuskokin suna nuna su da yatsa: "Nawa ne wancan birin! Wallahi nawa ne!" Yara suka dawo gaban Alhaji suka ƙarasa rawar har ƙarshe, suka durƙusa suka gaishe shi.

Sai ga Kawu Shekara ya fito daga mangaza. Abin da ya rage na zaki shi ne karan dawa da waya rataye a kafaɗunsa, da kunne guda. Ƙullu ya bushe masa a gira. Ƴar baƙar akuyar nan tana biye da shi tana lasar masa dunduniya. Ya gyara tsayuwa ya buɗe hannuwa.

"Alhaji, ka ga tsari? Haka na shirya shi tun farko. A Yamai ana kiran wannan..."

"Ana kiransa kiwo," in ji Inna Ladi daga kan dakali. "Yau dai ka ciyar da dabbobin Kance da Kurni kyauta, Allah ya ba da lada."

Alhaji ya so ya ɗaure fuska, amma ya dubi kunnen nan guda yana lilo, sai dariya ta ƙwace masa har hula ta faɗi. Da ya samu numfashi ya ɗauki fuskar kura guda, ya jujjuya ta, ya ga gurbin haƙorin bunsuru a kunne, ya kuma ga shekara da shekaru ko gara ba ta taɓa ta ba.

"Zakinka ya jawo mini ɓarayi, kurayen yara sun kore su," ya ce. "Na ga abin da ake yi a ɗakin nan. Ɗaki na yara ne. Kai kuma Shekara, ka mayar mini da ƙyaure yadda ka same shi, sannan buhunan nan ka kai su gidana a ka, ɗaya bayan ɗaya."

"Alhaji, ai ni mai fasaha ne."

"To ka ɗauke su da fasaha."

Ya ciro makulli daga aljihu. Kawu ya miƙo hannu, Alhaji ya tsallake shi ya ba Inna Ladi. "Riƙe, har a samu babba mai hankali daga gidan marigayiya ya zo ya karɓa. Yara ba sa zama ba babba."

Har la'asar ana ganin Kawu yana kai da kawo da buhu a ka, akuyar nan na bin sa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa baɗi giwa zai yi.

To, Yaya, kin ji yadda aka yi. Abin da aka faɗa a cikin zaki Cha'ibu ne ya ba da shi a teburin shayinsa, farkon labarin a bakin yara da Inna Ladi na ji shi, abin da ya faru a bakin mangaza kuwa da idona na gani, don hayaniyar ce ta fito da ni daga ɗaki, karon farko tun rasuwarki. Na tsaya a gindin bedin da kike tsinkar ganye, na yi dariya har na dafa shi, ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba. Da yaran suka duƙa suka tako da ƙafa ɗaya, takunki na gani.

Yau da safe na tsinko ganyen na jiƙa a shuɗin bokitinki. Na tsoma yatsa na lasa, ɗacin na nan yadda kika bar shi. Makulli na rataye a ƙusa kusa da tandar Inna Ladi, gobe in Allah ya kai mu zan je in karɓa. Ban gaya wa kowa ba tukuna.